Goran Roba a Teburin Labarai

A gidanmu Mage ake kirana. Yayana ne ya laƙa mini sunan tun ina 'yar firamare, saboda duk lokacin da asma ta taso mini, ƙirjina yakan riƙa wani siririn kuka kamar an rufe kyanwa a akwati. Sunan ya bi ni sakandare, ya bi ni jami'a, ban taɓa roƙon kowa ya daina ba. Wanda ya kira in amsa, in zuba masa ido har shi ya fara jin kunya.

A bakin taga na yi ƙuruciyata. Yara suna tsere a layi, ni ina zaune kusa da keken ɗinkin Inna. Ba na shara, ba na kaɗe katifa, ba na zuwa inda ake hayaƙi. A makaranta in an fita motsa jiki, ni ce mai gadin takalma da jakunkuna. Karatu kaɗai aka bar mini. Inna ba ta yi boko ba, amma tana son labari, don haka duk jaridar da aka naɗo yadi a cikinta sai ta warware ta miƙo mini.

"Karanta mana, Mage, mu ji abin da duniya take ciki."

Ina karantawa tana taka keke. In numfashi ya yanke mini a tsakiyar jimla, sai ta ɗaga ƙafa, keken ya yi shiru, ta jira ni. A haka na koyi inda ake tsayawa a saci iska ba tare da mai sauraro ya lura ba.

Asibiti kuwa na san shi kamar tsakar gidanmu. Inna ta yi ta goya ni can har na yi girman da ƙafafuna suke dukan ƙwaurinta. A ɗaura mini abin rufe hanci, injin ya yi ta hura mini tururin magani, a sallame mu da shuɗiyar inhela, wadda ake shaƙa in ƙirji ya toshe. Sai da na shiga jami'a wata likitar ƙirji ta ƙara mini da mai ruwan ƙasa.

"Shuɗiyar ta kashe gobara ce," in ji ta. "Wannan ita take hana wutar kamawa tun farko. Safe da yamma, ko da kina jin kanki kamar doki."

Na bi. Ranar da na hau benen ɗakin karatu har sama ban tsaya na riƙe ƙarfe ba, tsayawa na yi a can ina dariya ni kaɗai, har mai gadi ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da na gama karatu na sami gurbin koyon aiki a gidan rediyo. Mai karanta labaran rana zai yi ritaya, kujera ɗaya ce, mu biyu muke nemanta. Ɗayar kowa Zuma yake ce mata, kuma ba a yi mata ƙarya ba. Ko gaisuwa ta yi sai ka ji kamar ta maimaita.

Ranar farko na shiga ofishin Edita, dattijo mai tabarau a kan karan hanci, na fito da inhelolina biyu na ajiye a kan teburinsa.

"Ranka ya daɗe, ina da asma. Na ce gara ka ji daga bakina."

Ya dube su, ya dube ni. "Na ji, 'yata. Amma in abin ya taso miki jar fitilar situdiyo tana kunne, duk gari yana sauraronki fa? A gidan nan ana yafe tuntuɓen harshe, ana yafe kuskuren suna. Shiru ne ba a yafewa. In mai sauraro ya ji shiru, murɗa akwatinsa zai yi ya tafi wata tasha."

"Ba za ka ji shiru ba."

"Allah ya sa," ya ce, da muryar wanda bai gamsu ba.

Situdiyon labarai ɗan ɗaki ne marar taga. Bangonsa duk an manne shi da tsohon kafet don kada sauti ya fita, ƙofarsa mai nauyi kamar ta banki, ga na'urar sanyi da ba a kashewa saboda injuna. Tebur ɗaya, makirufo biyu, da gilashi mai kauri wanda ta cikinsa kake ganin mai haɗa sauti a nasa ɗakin. Shi Kunne ake ce masa, don ko takarda ka juya da ƙarfi sai ya ɗago ya harare ka. Kafet ɗin nan ya sha ƙurar da ta girme ni. Ban daɗe ba ƙirjina ya fara ƙorafi, likita ta ƙara mini ƙarfin mai ruwan ƙasa. Ƙirji ya kwanta. Sai murya ta tashi.

Da farko kamar mura. Daga baya in na ce "Ga labaran" sai ka ji kamar ana jan buhu a kan siminti.

"Mage," in ji Kunne ta cikin abin sauraron da ke kunnena, "yau kuma kwaɗo kika koma? Ki tsaya a dabba ɗaya mana, mu san abin da muke kiwo."

"Ka gyara injinka, malam. Muryata ƙalau take."

Ba ƙalau take ba, ni ma na sani. Ana cikin haka Edita ya kira mu ya ce ƙarshen wata za mu karanta labaran rana kai tsaye, rabi da rabi, Darakta da kansa zai zo ya saurara. Daga nan za a san mai kujera.

Zuma ta same ni a bakin famfo. Ba muguwa ba ce, shi ya sa maganarta ta fi ciwo.

"'Yar'uwa, an ce wannan abin da kike shaƙa shi yake dusar da murya. Ki ɗan ajiye shi mana sai an gama gwajin. Ni ba na so a ce na ci ki don kina rashin lafiya."

"Wa ya ce miki za ki ci ni?"

Ta yi dariya ta ce, "To, Allah ya ba mai rabo."

Na koma wurin likita da dusasshiyar muryata. Ta ce in shaƙa a gabanta ta gani. Na shaƙa. Ta gyaɗa kai.

"Da aka ƙara ƙarfinsa, wanda yake maƙalewa a maƙogwaro ma ya ƙaru. Shi ne yake taɓa muryar."

Ta buɗe durowa ta fito da wani goran roba mai haske, tsawonsa ya ɗan wuce taƙi, baki biyu. A cusa inhela a gindinsa, a fesa a ciki, a ja a hankali ta ɗaya bakin. Ta ce haka maganin zai fi isa huhu. In na gama kuma in kurkure baki har maƙogwaro in tofar, kullum, ba fashi.

"Muryar za ta dawo kafin ƙarshen wata?"

"Za ta dawo. Amma ba na yi miki alkawarin rana."

"In na daina shaƙar fa, na ɗan lokaci?"

Ta cire tabarau. "Muryar za ta iya washewa da wuri. Ƙirjin kuma ya koma gidan jiya ba tare da ya yi miki sallama ba, kina zaune a ɗakin da kika ce bangonsa kafet ne. Ke kika san wanda kika fi buƙata a gaban makirufo."

Na ɗauki gorana na fito. Ba ya shiga ƙaramar jakata, sai da kansa ya leƙo waje. A haka na ratsa tsakar gidan rediyo.

"Ikon Allah," in ji Kunne. "An haihu ne ba mu ji ba? Ga bulunboti har da marfi."

"Naka ne. In ka yi kuka zan ba ka."

A gida ma ban tsira ba. Yayana direban motar haya ne, bakinsa ba ya hutawa. Duk safiya in na tsaya a bakin rariya ina kurkure maƙogwaro, sai ya leƙo daga ɗaki ya ce, "Inna, injin ya tashi, a tura ko a bari ya yi zafi?" Inna kuwa ba ta dariya. Ruwan ɗumi da zuma take haɗa mini, ta tsaya a kaina sai na shanye, ta ce in ce wani abu ta ji. In na yi magana sai fuskarta ta faɗi.

Wata safiya na buɗe jaka ban ga mai ruwan ƙasa ba. Shuɗiyar tana nan, goran yana nan. Na zazzage jakar, na ɗaga matashi, na duba ƙarƙashin gado. Sannan na lura keken Inna yana gudu fiye da kullum, kuma ba ta ɗago ba tun da na fara nema.

"Inna."

"Na'am."

"Ina maganina?"

"Ga shi nan a jakarki, shuɗin."

"Ɗayan nake nufi."

Ta tsayar da keke. "Mage, dubi jikinki. Lafiyarki ƙalau. Rabonki da asibiti har na manta hanyar. A ina aka taɓa ganin mai lafiya yana shan magani safe da yamma? Magani na marar lafiya ne. In abin ya taso ga shuɗin nan."

"Don ina shaƙarsa ne kika manta hanyar, Inna."

"Ya cinye miki murya!" Ta buga hannu a kan keken har almakashi ya yi tsalle. "Me kike da shi in ba ita ba? Ba ki yi gudu ba, ba ki yi wasa ba, ina kallo yara suna wucewa kina bin su da ido. Abu ɗaya Allah ya bar miki. Yanzu an zo gaɓar da za ki ci moriyarsa, ki bar wani ɗan gwangwani ya ƙwace?"

Yaya ya fito da makullin mota a hannu, ya ga yanayin, ya haɗiye abin da ya zo da shi a baki.

Na durƙusa kusa da ita. Ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, ko da ina so babu muryar.

"Inna, kin tuna ranar da zaninki ya kwance a ƙofar asibiti, kina riƙe da ni da hannu ɗaya kina riƙe da shi da ɗaya? Yanzu na fi ƙarfin goyo. In na faɗi a ɗakin nan babu mai ɗaukata. Murya ko ta kwaɗo ce zan yi aiki da ita. Amma sai da iska ake magana. Ba zan taka ƙofar nan ba sai da shi, ko da kujerar za ta wuce ni ina zaune a nan."

Na zauna a ƙasa na naɗe ƙafa. Ta san ni, ita ta haife ni. Mun daɗe a haka, ita tana kallon allura ni ina kallonta.

"Inna," in ji Yaya a hankali, "ki ba ta abinta. Kin san Mage in ta kafe ko da mota ba a janta. Ni kuma fasinja suna jirana."

Ta jawo gwangwanin maɓallai, ta tona can ƙasa, ta fito da shi ta ajiye a kan keken ba ta kalle ni ba. Na cusa shi a goran na shaƙa a gabanta, na je na kurkure. Ranar Yaya bai ce komai a kan injin ba.

Ranar gwaji ta zo muryata ba ta gama dawowa ba. Ta ɗan sassauta, amma har yanzu da yashi a cikinta. Edita ya raba mana takardu. Zuma za ta fara da kanun labarai da labaran gida. Ni in karɓa da labaran waje, sannan in gabatar da rahoton wakilinmu wanda aka riga aka naɗa, in rufe. Na bi nawa da fensir ina sa ƙaramar alama duk inda zan ja iska. Edita yana da wata ɗabi'a ta rubuta jimla mai tsawon layin dogo don ya ga inda mai karatu zai mutu. Na same ta a shafin ƙarshe, na yi mata alamominta.

Abin da ban sani ba shi ne, da aka ji Darakta zai shigo, jami'in kula da gida ya sa an feshe ko'ina da turaren gwangwani. Ofis, baranda, matakala. Da aka zo situdiyo aka ga kafet yana warin tsufa, sai aka juye masa sauran, aka ja ƙofa aka rufe don ƙamshin ya zauna.

Muna shiga ya doke ni a fuska. Kafin in juya, Kunne ya ɗaga yatsa, kiɗan buɗe labarai ya tashi, jar fitila ta kama. Ta cikin gilashi ga Edita a tsaye, ga Darakta a kujera ya harɗe hannu. Su a nasu ɗakin ƙamshin bai kai musu ba.

Zuma ta fara, muryarta tana zuba kamar kullum. Ni kuwa na ji tsohon baƙona ya iso. Da farko ƙaiƙayi a maƙoshi, sannan kamar ana ɗaure mini ƙirji da igiya ana ja a hankali. Jakata tana jikin ƙafata, shuɗiyar tana ciki. Amma makirufon Zuma a buɗe yake, tebur ɗaya muke, kuma makirufon nan ko haɗiyar yawu yana kamawa. In na fesa, duk mai akwati a garin zai ji fesawar a tsakiyar labarin 'yar mutane. In na yi tari, haka. In na tashi na buɗe ƙofar nan mai nauyi, na ba Edita amsar tambayarsa da kaina.

Sai na zauna. Na dafa tebur da tafin hannu biyu, na saki kafaɗu, ina jan iska ta hanci kaɗan kaɗan ina sakinta ta tsukakken baki, nesa da makirufo. Na yi wannan zaman a bencin asibiti, na yi shi a bayan aji, na yi shi a bakin taga. Babu wanda zai koya mini shi. Tari ya taso na danne shi har hawaye ya cika mini ido. Kuma a cikin wannan matsin na lura da wani abu: igiyar ta ja ta tsaya. A da, kafin mai ruwan ƙasa, ba ta tsayawa.

Zuma ta kai ƙarshen shafinta ta ce ga abokiyar aikinta da labaran waje. Ta juyo, ta ga fuskata, idonta ya fito.

Iskar da nake da ita ta jimla ɗaya ce, gajera. Labaran waje ba za su shiga cikinta ba. Na ɗaga shafin rahoto na manna shi a gilashi saitin Kunne, na matso makirufo.

"Kafin nan, ga rahoton wakilinmu."

Na ga Kunne ya zabura kamar an tsikare shi, hannunsa ya yi cikin maɓallai. Muryar wakili ta shigo ba tare da ko ƙyaftawar shiru ba. Jar fitila ta mutu.

Na sunkuya na zaro goran. Ban juya wa gilashi baya ba. Na girgiza shuɗiyar, na cusa, na fesa, na ja a hankali, Darakta yana kallona ina kallonsa ta saman roba. Na sake. Zuma ta tashi da gudu ta danna ƙofar da kafaɗa ta tokare ta da ƙafa, tana kaɗa iska da takardunta.

"Sannu, 'yar'uwa. In karɓa miki?"

Na girgiza kai.

"Mage," muryar Kunne a kunnena, ba wasa a cikinta yau, "wakilin nan mai surutu ne, kina da sauran lokaci. In ya kusa zan ɗaga miki hannu."

Ban taɓa son surutun mutum kamar na wakilin nan ba. Yana ta bayani a kan gyaran wata gada, ni ina jin igiyar tana saki zare zare. Da Kunne ya ɗaga hannu, Zuma ta saki ƙofa ta zauna, na ajiye goran a kan tebur kusa da makirufo. Jar fitila ta kama.

Na karanta. Da yashin da komai. Na bi alamomin fensirina ɗaya bayan ɗaya, da na iso doguwar jimlar Edita na ratsa ta har wutsiya ban bar kalma a hanya ba. Na rufe labarai, kiɗa ya tashi.

Edita ne ya fara shigowa. Ƙamshin ya tare shi a ƙofa har ya yi atishawa.

"Wane ne ya yi wannan aika-aikar?" Ya juya ya ce a kira masa jami'in kula da gida, a bar ƙofar nan a buɗe. Sannan ya dawo kaina, ya sauke tabarau. "Ke kuma wa ya ba ki izinin juya mini tsarin labarai?"

"Kai ne, ranka ya daɗe. Ka ce shiru ne ba a yafewa."

Darakta ya leƙo ta bayansa yana nuna tebur. "Wannan fa mene ne?"

"Kayan aikina ne, yallaɓai."

Suka fita suka daɗe. Da yamma Edita ya kira mu. Ya ce Zuma ta fi ni murya, wannan ko kurma ya sani, kuma sashen talla sun daɗe suna roƙonsa ita. Amma kujerar labarai tambaya ɗaya yake yi mata, me mutum zai yi ranar da abu ya lalace fitila tana kunne. Ya ce ya yi mini tambayar ranar farko, yau ya ga amsar.

"Muryar nan fa?" ya ce.

"Tana hanya."

"To ta same ki a kujera."

Zuma ta rungume ni a baranda, tana dariya ido ya yi ja. "Wallahi kin ci ni da muryar kwaɗo. Wannan abin kunyar ina zan kai shi?"

Da na isa gida na tarar da Inna a kan keke, ɗan rediyonta a bakin taga. Yaya ya riga ni isowa, wai ya sa duk fasinjansa sun yi shiru, ya ce musu ƙanwarsa ce, in ba su so su sauka. Na faɗa musu an ba ni. Yaya ya yi ihu har maƙwabta suka leƙo. Inna ba ta yi ihu ba.

"Me ya same ki a farkon?" ta ce.

"Kin ji wani abu ne? Ko Kunne ya ce bai ji ba."

"Kina buɗe baki na ɗaga ƙafa daga keke. Ban sake takawa ba sai da mutumin gadar nan ya gama."

Na ba ta labarin turaren. Ta saurara ba ta katse ni ba, hannunta a kan gwangwanin maɓallai. Da na gama ta miƙo hannu.

"Miƙo goran nan."

Na miƙa mata. Ta ciro tef daga wuyanta ta auna tsawonsa, ta auna faɗinsa, ta jawo wani ragowar yadi mai kauri.

"Mai karanta labarai guda tana yawo da abu yana leƙe daga jaka," ta ce. "Jakarsa zan ɗinka masa, da aljihu biyu a gefe na magungunan. Ke kuma yamma ta yi, je ki shaƙi abinki ki tayar mana da injin."